Ina Gas Ɗin Da Aka Yi Wa Zariya Alƙawari?

Ranar 31 ga Yulin 2023, wata biyu bayan cire tallafin mai, Shugaba Bola Tinubu ya fito ya shaida wa 'yan ƙasa cewa za a kashe naira biliyan 100 wajen sayen bas 3,000 masu kujera 20 da ke aiki da iskar gas, kuma za a gama kafin ƙarshen Maris na 2024. Maris ɗin ya zo ya wuce, wani Maris ya bi bayansa. Duk wanda ya tsaya bakin titi a Tudun Wada da sassafe, ya ga ɗalibai da leburori suna jayayya da mai Keke a kan kuɗin mota, ya san iya abin da ya iso Zariya daga wannan alƙawari. Litar man da ake saye ƙasa da naira 200 kafin 29 ga Mayun 2023 ta haura naira 1,000 a watan Oktoban 2024. Manomin Dutsen Abba da ke kawo masara ko barkono cikin gari yakan ga ribarsa ta tafi a kuɗin dako tun bai sauke buhu ba.

A cikin wannan ƙunci ne wata tsohuwar magana ta sake tasowa a majalisu da garejojin kanikawa: tun da mai ya gagara, me zai hana a koma injin tururi? Injin da ba ruwansa da fetur, a hura wuta, ruwa ya tafasa, tururi ya tura fistin, mota ta tafi. Har ana ƙarawa da cewa ya fi dacewa da muhalli, tun da ba man ƙasa yake sha ba. Ba mu ga laifin mai wannan tunani ba, wanda aka matsa dole ya nemi mafita. Amma wannan jarida ba za ta yi shiru ba, domin idan maganar ta samu gindin zama, itatuwanmu ne za su biya bashin alƙawarin da gwamnati ta kasa cikawa.

Akwai ƙanshin gaskiya a maganar masu son tururi. Injin da wutarsa ke ci a waje, a ƙarƙashin tukunya, yana ƙona abin da aka ba shi sannu a hankali, kuma idan an tsara murhun da kyau gubar hayaƙinsa ba ta kai ta injin da mai ke fashewa a cikinsa ba. Iyakarta ke nan.

Zazzagawa ba baƙin injin tururi ba ne. Layin dogon Baro zuwa Kano, wanda ya isa Kano a 1911, ta nan ya ratsa. Daga nan ƙaramin layin Bauchi ya tashi zuwa filayen kuza na Jos, ya yi aiki har 1957, daga nan kuma aka ja layin Gusau da Ƙaura Namoda. Kwal ɗin Inugu jiragen nan suka riƙa ci, kuma dattawan da suka taso kusa da tashar jirgi a Sabon Gari ba su manta baƙin hayaƙi da tokar da ke sauka kan shanya ba. Hukumar reluwe ta fara sauya su da na dizal tun tsakiyar shekarun 1950, kuma lissafi ne ya tilasta ta. Cikin kashi 100 na zafin da kwal ke bayarwa, da ƙyar kashi 10 ke isa ga ƙafafun jirgi, sauran duk ya bi iska. Injin dizal yana cin moriyar kashi 30 ko fiye. Ga jirgin tururi da shan ruwa, shi ya sa aka kafa manyan tankuna a tashoshi.

Turawan da suka ƙirƙiro motar tururi ma sun gwada iya gwadawa. A 1906 motar kamfanin Stanley ta yi gudun fiye da kilomita 200 a awa ɗaya a Fulorida ta Amurka, babu motar da ta kamo ta a lokacin. Duk da haka kamfanin bai wuce shekarun 1920 ba, saboda ba mai son ya zauna jiran ruwa ya tafasa kafin ya fita aiki, kuma daga 1912 an fara tayar da motar fetur da lantarki ba sai an juya hannu ba. Da hayaƙi ya turnuƙe biranen Kalifoniya, an sake ɗauko maganar, aka saka bas-bas masu tururi kan titi a farkon shekarun 1970. Hayaƙinsu ya yi sauƙi, amma sun fi na dizal cin mai nesa ba kusa ba, aka ajiye su. Mutanen da ke da kuɗi da masana'antu ke nan.

Mu kuma me za mu zuba a murhun? Tambayar da ta fi damunmu ke nan. Injin tururi ba ya da tsabta ko ƙazanta ta kansa, abin da aka ƙona masa shi ne halinsa. Kananzir ya fi fetur tsada. Kwal ba ma haƙo shi yadda ya kamata, kuma ya fi komai hayaƙi. Abin da ya rage a hannun talaka shi ne itace da gawayi. Tun da kilo ɗaya na gas ɗin girki ya wuce naira 1,000, gidajen da suka daina hura wuta sun koma, buhunan gawayi sun cika bakin titunan Zariya, kuma kowa ya san daga inda suke fitowa. Kirya, wadda maƙera suka sani da gawayi mai ƙarfi, tana ƙarewa. Ana sare kaɗanya da ɗorawa, itatuwan da kakanninmu ba sa bari gatari ya taɓa a gona saboda man kaɗe da daddawa. Girki kaɗai ya kai mu nan. A ƙara masa motocin haya da ke zirga-zirga tsakanin Kwangila da Samaru, da tireloli masu hawa Kano, a ga ko shekara nawa dajin da ya rage zai yi. Gwamnatin da ke neman tallafin duniya don dasa shingen itatuwa a jihohin da hamada ke ci ba ta da bakin da za ta yi shiru a kan wannan.

Za a ce ai akwai ɓuntun shinkafa da totuwar masara da karan dawa. Akwai, kuma suna da gurbinsu: injin da ke kafe wuri ɗaya, kamar tukunyar kamfanin shinkafa ko ta kamfanin sukari da ke ƙona ɓawon rake. A nan tururi yana da amfani, kuma muna so masanan Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Nuhu Bamalli su ba da ƙarfi a kai. Amma kara ba shara ba ne a ƙauye. Shi ne danga, shi ne abincin shanu da rani, shi ne makamashin uwargida, kuma abin da ya ruɓe a gona shi ne takin baɗi. Sannan ga ruwa. Garin da aka ba da kwangilar babban aikin ruwansa tun 2008, aka yi bikin buɗewa, amma unguwanni da yawa har gobe 'yan garuwa ne famfonsu, a ce kuma motocinsa su shiga layin ruwa?

Abin da Zariya ke nema ba sabon abu ba ne, abin da aka riga aka yi mata alƙawari ne. A kawo gas.

Ranar 30 ga Yunin 2020 marigayi Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, aka ce shekara biyu za a gama. An ɗaga wa'adin zuwa 2023, aka sake ɗagawa, aka kuma sakewa, kowane shugaban kamfanin NNPC da tasa ranar. Bututun nan ta ƙasar Zazzau ya bi. Manomanmu sun ga an ratsa gonakinsu. Su ne ya kamata su fara ganin amfaninsa, ba su zama na ƙarshe ba.

Ba mu ce gas ba ya da illa ba, shi ma daga ƙasa ake haƙo shi. Amma hayaƙinsa bai kai na fetur ba, ba ya fitar da baƙin toka irin ta dizal, kuma wannan ƙasa ta shafe shekaru tana ƙona shi a banza a Neja Delta, yana cutar da mutanen can. Motar da ke hannun direba a yau za a iya juya ta zuwa gas ba sai ya sayi sabuwa ba. Masu juyawar ma a nan suke: Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa, NITT, da aka kafa a 1986, tana Zariya, kuma tana cikin waɗanda suka fara koyar da aikin. To amma direban da ya ci bashi ya saka tukunyar gas a but, in babu wurin shan gas a kan hanyarsa, ko sai ya kwana a layi, me ya ƙaru da shi? An ce za a juya mota miliyan ɗaya kafin 2027. A faɗa mana nawa ne daga ciki na Zariya, Sabon Gari, Giwa da Soba, kuma a ina za su sha.

Jami'an gwamnati za su nuna mana bas 100 masu gas da Gwamna Uba Sani ya fito da su a 2025. Mun gani, amma cikin garin Kaduna aka fara da su, kuma jihar ba a Kawo ta ƙare ba.

Jinkirin nan yana da haɗari. A Oktoban 2024 wata mota ta fashe a wurin shan gas a birnin Benin, aka samu raunuka, kuma hukuma ta ce tukunyar da aka haɗa a bayan fage ce. Wanda ya gaji da jira zai je wurin mai walda. Tukunyar tururi da aka haɗa a gareji ba gwaji ba ma'auni ma bam ce, ta ma fi muni, tun da wuta ke ci a ƙarƙashinta. Idan aka yi asarar rai ta wannan hanya, alhakin ba na kanikawa kaɗai ba ne.

Mun gaji da lissafa irin waɗannan. Matatar mai ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, ta yi shekaru ba ta tace ko lita ɗaya, duk da kwangilar gyaran gaggawa ta fiye da dala miliyan 700 da aka bai wa kamfanin Daewoo a 2023. Sabon layin dogo na Kaduna zuwa Kano da aka aza harsashinsa a Yulin 2021, wanda zai ɗauke wa hanyar Zariya nauyin tireloli, muna nan muna jiransa. Tsohon layin da ya raya Sabon Gari kuwa ciyawa ta rufe shi a wurare da dama. Jirgi ɗaya yana jan kayan tireloli da yawa, kuma ba wata dabarar rage hayaƙin sufuri da ta kai wannan. A Maiduguri wani matashi, Mustapha Gajibo, ya haɗa bas masu lantarki ya sa su kan titi ba tare da jiran kowa ba. Barno ba ta fi mu da komai ba har da za a ce nan ba za a iya ba, jari da tsari ne babu.

Kakakin Majalisar Wakilai, Tajudeen Abbas, Zariya yake wakilta, kuma mutanen Dutsen Abba da Tudun Wada suna cikin waɗanda suka tura shi. Ba kasafai ake samun lokacin da muryar garin nan ta kai kusa da masu yanke hukunci kamar yanzu ba. Muna kira gare shi ya gayyato shugaban NNPC da masu kula da shirin gas na fadar shugaban ƙasa gaban majalisa, su faɗi ranar da gas zai fara gudu a bututun, su faɗi wuraren da za a kafa tashoshin shansa a Zariya, su kuma ba da bayanin inda bas 3,000 ɗin nan suka shiga, jiha bayan jiha. Gwamnatin Kaduna kuma ta kawo wa Zariya rabonta na bas, ta sa ido kan masu sare kaɗanya da ɗorawa, amma kada ta kama mai sayar da gawayi kafin ta sauƙaƙa wa uwargida gas ɗin girki.