Dilip Kumar da Darajar Karin Harshe

Indiyawa sun yi wa Dilip Kumar laƙabi da Sarkin Baƙin Ciki, saboda yadda yake sa zauren silima kuka. To amma ga mai nazarin harshe, babban gadon da ya bari yana cikin lafazinsa ne, kuma darasin ya shafi ƙasar Hausa, inda finafinan Indiya suka daɗe da zama ƴan gida.

An haife shi a Feshawar ranar 11 ga Disamba 1922, a gidan fataken ƴaƴan itatuwa masu magana da harshen Hindko. Sunansa na yanka Muhammad Yusuf Khan. Devika Rani ta kamfanin Bombay Talkies ce ta raɗa masa wanda duniya ta sani, gabanin fim ɗinsa na farko, Jwar Bhata, a 1944. A zamanin da ƴan wasa da dama ke ɗaga murya irin ta dandamali, shi sai ya sassauta tasa, ya bar shiru ya yi aikinsa, kamar yadda aka gani a Devdas na 1955.

Finafinai biyu da suka fito a jere sun isa hujja. A Mughal-e-Azam na 1960 ya fito a matsayin Yarima Salim, ɗan Sarki Akbar, yana furta Urdun fada mai cike da kalmomin Farisanci. Shekara guda bayan haka, a Gunga Jumna, wanda shi da kansa ya ɗauki nauyin shirya shi, ya zama Gunga, baƙauyen da zaluncin mai gonaki ya mayar ɗan fashi. A nan ya ajiye harshen fada, ya ɗauki karin harshen karkarar Uttar Pradesh. Ƙanensa a fim ɗin, wanda ya yi boko ya zama ɗan sanda, shi ne ya harbe shi a ƙarshe. Vyjayanthimala, wadda Tamil ne harshenta na gida, ta koyi wannan karin har ta ci lambar Filmfare da shi.

Abin lura shi ne, ba don a yi dariya aka sa wa Gunga maganar ƙauye a baki ba. Da ita ya yi soyayya, da ita ya nemi adalci, da ita ya cika. A finafinan Hausa kuwa, sau da yawa wanda ya ce "hwari" maimakon "fari" shi ne wawan labari, jarumi kuma sai ya yi Kananci. Yaron Tawa ko na Dogon Dutsi da ya tashi yana kallon haka, zai fara jin kunyar bakin kakarsa, kuma daga kunya ake fara zubar da kalmomi.

Masu shirya fim za su ce kasuwa ce ta tilasta musu, don Kananci kowa na ji. Hujjar tana da ƙarfi, sai dai Gunga Jumna ya shiga sahun finafinan da suka fi samun kuɗi a zamaninsa, a ƙasar da harsunanta suka fi na Nijar yawa nesa ba kusa ba. Ai mai kallo ba ya gudun karin harshe idan labarin ya kama zuciyarsa.

Dilip Kumar ya rasu ranar 7 ga Yuli 2021. Sauran aiki yana kan ɗaliban Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa: su naɗi Aderanci, Gobiranci da Damagaranci daga bakin masu su, su rubuta wasannin da jarumi zai yi kuka da karin garinsu, mai kallo kuma ya taya shi.