Garanti Dabam, Doka Dabam

Duk wanda ya san tashoshin manyan motoci na Agege da Mile 12 ya san irin kayan da mutanen Arewa mazauna Ikko suke ɗorawa zuwa gida. A da rediyo ne da keken ɗinki da agogon bango. Yanzu kuwa wayar hannu ce, da farantin sola da batirinsa, da janareto, da injin niƙa, da injin ban-ruwa na noman rani. Kowane ɗaya daga cikinsu gumin watanni ne.

A ɗauki mutumin Udubo, ta Ƙaramar Hukumar Gamawa a ƙasar Katagum, wanda yake dako ko sayar da albasa a Ikko. Ya tara kuɗi, ya shiga Alaba ya sayi injin ban-ruwa sabo fil a kwali, ya aika wa ƙanensa. Tsakanin Ikko da Udubo ya fi kilomita 1,000. Injin ya isa lafiya, ya yi aiki mako uku, ya tsaya cik. Makaniki a Azare ya buɗe ya ce aibin daga kamfani ne. Yaya ya koma wurin mai kanti, mai kanti ya nuna masa rubutun da ke ƙasan rasit, cewa kayan da aka saya ba a mayarwa, ya ce in yana da magana ya ɗauki katin garanti ya nemi kamfani. A nan yawancin mutane suke cewa ƙaddara ce, su haƙura. To, ba ƙaddara ba ce, rashin sani ne, kuma mai kanti da shi yake cin abinci.

Garanti alkawari ne wanda kamfani ya ɗaukar wa kansa. Shi ya rubuta shi, shi ya sa masa wa'adi, shi ya gindaya sharuɗɗa, yawanci da ƙananan baƙaƙe da Turanci. Yana iya cewa sai an kai kayan wurin gyaransa na musamman, ko ya ce in wani makaniki ya kwance ko da noti ɗaya garanti ya faɗi. Ga mai zama a Ikeja wannan ba wuya. Ga manomi a Udubo kuwa, wanda shukarsa take jiran ruwa yau, garantin da sai an yi doguwar tafiya kafin a ci moriyarsa takarda ce kawai.

Haƙƙin da doka ta bayar wani abu ne dabam, ba kyautar kowa ba ne. A shekarar 2018 Majalisar Tarayya ta zartar da dokar gasar ciniki da kare haƙƙin masu saye, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa mata hannu a farkon 2019. Ita ce ta kafa hukumar FCCPC, wadda ta gaji tsohuwar hukumar kare masu saye da aka kafa da dokar soja mai lamba 66 ta 1992. Sashe na 131 na wannan doka ya ce mai saye yana da haƙƙin a ba shi kaya masu kyau, masu aiki, marasa aibi, waɗanda za su yi abin da aka saye su dominsa, su kuma yi ƙarko gwargwadon yadda ya kamata. Sashe na 132 ya ɗora da cewa in kaya suka kasa haka, mai saye yana iya mayar da su ga wanda ya sayar masa cikin wata 3 daga ranar da aka miƙa masa su, ba tare da an ci shi tara ba, kuma ɗawainiyar mayarwa tana kan mai sayarwa. Shi kuma tilas ya gyara, ko ya musanya, ko ya mayar da kuɗi.

A lura da kyau: wanda ya sayar. Dokar ba ta ba mai kanti damar cewa "je ka kamfani" ba. Shi ya karɓi kuɗi, shi zai amsa, sa'an nan ya je ya sasanta da wanda ya saro kayan a hannunsa. Wancan rubutu na ƙasan rasit kuwa ba ya shafe abin da Majalisa ta rubuta. Hukumar FCCPC ta sha faɗa cewa ƙa'idar "ba a mayar da kuɗi" ta saɓa wa doka.

Wannan dabara ta rufe doka da katin garanti ba a Alaba aka ƙago ta ba. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ba mai saye shekara 2 a kan kaya masu aibi. A watan Disamba na 2011 hukumar Italiya ta ci kamfanin Apple tarar Yuro 900,000, domin bai fayyace wa masu saye wannan haƙƙi ba, yana ta tallar nasa ƙarin garantin na kuɗi. In babban kamfani irin wannan ya gwada haka da Bature mai karatu, ina ga ɗan ci-rani da mai kanti a Idumota?

Abin mamaki shi ne Bahaushe ba baƙon wannan hukunci ba ne. Mutumin da zai yi shiru a gaban mai kanti a Ikko, in a kasuwar Gamawa ko ta Azare aka sayar masa da sa mai ɓoyayyen ciwo, kafin rana ta faɗi ya nemo dillali. Dillali bai ci la'ada a banza ba, shi ne shaida. Malamai ma sun daɗe da karantar da babin mayar da kaya saboda aibi a littattafan fiƙihun Malikiyya, har da hukuncin dabbar da aka ƙi tatsa kwanaki domin hantsarta ta cika a ruɗi mai saye. Watau abin da dokar 2018 ta kawo, kakanni sun san shi a kan shanu da awaki. Sai dai da an ga kwali da rubutun Turanci, jiki ya yi sanyi.

Amma fa dokar tana da nata rauni, kuma a kan mutanen Arewa ya fi faɗawa. Wata 3 kaɗan ne. Afirka ta Kudu, a irin wannan doka tata ta 2008, wata 6 ta bayar. Ga kuma al'adar 'yan ci-rani: a sayi kaya a ajiye a ɗaki sai an sami mai tafiya gida, ko sai Salla ta matso. Injin da aka saya da damina ba za a tayar da shi ba sai rani ya kama. Kafin a gane aibi wa'adi ya wuce, domin lissafi daga ranar karɓar kaya yake farawa, ba daga ranar da aka kunna su a Udubo ba. A nan ne garanti na shekara guda yake da ranarsa, saboda haka ba abin yarwa ba ne, ƙari ne a kan doka. Ya kamata Majalisa ta tsawaita wa'adin. Kafin nan, mai hankali zai sa a tayar masa da inji a gaban kanti, ya yi aiki da shi kwanaki a Ikko kafin ya ɗora a mota.

Haka nan doka ba ta tsaya wa wanda kayansa suka fashe a bayan tirela ba, ko wanda ya haɗa sola ba daidai ba ya ƙone batir. Wanda aka nuna wa aibi a kayan gwanjo ya ce ya yarda, shi ma ba shi da ta cewa.

Babbar matsala ita ce rasit. Da yawa ba sa karɓa, wasu saboda kunya, wasu saboda yaron da ya tare su a bakin kasuwa ya ce zai rage musu. Wannan yaro ba shi da kanti, gobe ba a ganinsa. Rasit mai sunan kanti da lambarsa da kwanan wata da lambar jikin injin, shi ne dillalin mai saye a Kurmi. Kuma kada a cusa shi cikin kwali ya tafi Udubo. Ya zauna a hannun wanda ya saya, a ɗauki hotonsa a waya.

Wanda mai kanti ya ƙi saurara yana iya kai kuka ofishin FCCPC na Ikko, ko hukumar LASCOPA ta Gwamnatin Jihar Ikko, ko ya tafi kotu. Hukumar ta tarayya tana da ofishi a garin Bauci, amma tunda kantin yana Ikko, a Ikko magana za ta fi saurin ƙarewa. Gaskiya ne ɗan dako ba zai bar aikin yini ya je ya zauna a benci ba. Wannan aiki ne na Sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Sabon Badun, da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi. Kullum suna sasanta rigimar bashi da ta aure. Ba zai gagare su ba su sa yaro ɗaya mai boko ya riƙa rubuta wa mutanensu takardar ƙara, ya riƙe kwafin sashe na 131 da na 132, ya raka mai kaya zuwa kanti tun wata 3 ba su cika ba.