Gare de Bassam: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Duk ranar da mota ta kaɗe mutum a Abijan, magana biyu ce ke fitowa daga bakin masu iko da masu motocin kansu. Ta farko, wai talaka ba shi da tarbiyyar titi, ko'ina ya ga dama sai ya faɗa. Ta biyu, wai babu kuɗin gyara. Ni ban yarda da ko ɗaya ba, kuma Gare de Bassam kaɗai ta ishe ni hujja.

Ga wanda bai san wurin ba, tasha ce a Treichville, a bakin babban titin da kowa ya saba kira VGE. Daga nan ake hawa motocin Grand-Bassam da Bonoua da Aboisso, har zuwa iyakar Gana. Matafiyi ba daga sama yake faɗowa cikin mota ba. Da ƙafa yake isowa, da buhu a ka ko goyo a baya. Hanyar ƙafa ta gefen titi, wadda mutanen nan ke kira turotuwar, wani wuri ta farfashe, wani wuri murfin kwata ya ɓace, wani wuri kuma woro-woro ta hau kai tana jiran fasinja. To ina zai bi? Dole ya sauka kwalta ya yi kafaɗa da kafaɗa da bas ɗin SOTRA. In aka take shi, sai a ce shi ya jawo wa kansa. A Adjamé ma haka abin yake. Wanda ya taɓa bin titin Nangui Abrogoua daga babban masallaci zuwa kasuwar Forum da hantsi ya san cewa tsakanin gbaka da mai tafiya a ƙasa babu shamaki sai tsarewar Allah.

Mu zo kan batun babu kuɗi. A 2017 hukumar MCC ta Amurka ta sa hannu da Kodebuwa kan kyautar sama da dala miliyan 524, kyauta ba bashi ba, kuma titin VGE yana cikin hanyoyin da aka ware wa kuɗin. Japan ta bayar da tallafin gadar sama ta mahaɗar Solibra, nan cikin Treichville, aka buɗe kashin farko a 2019. A shekarar ce kuma Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 300 don sufurin Abijan, ciki har da layin manyan bas daga Yopougon zuwa Bingerville. Bankin Raya Afirka ya sa kuɗi a gada ta huɗu da aka buɗe a farkon 2024. Ga gadar Henri Konan Bédié ta 2014, ga gadar Alassane Ouattara ta 2023, ga aikin jirgin ƙasa na cikin gari daga Anyama zuwa filin jirgin sama. Garin da ya iya rubuta takardun da suka jawo wannan dukiya ba zai ce mini bai san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa ba.

Ba na raina waɗannan ayyuka. Birnin da ke ɗauke da mutum sama da miliyan 5 yana bukatar gadoji, kuma duk wanda ya san cunkoson da ake yi kafin 2014 zai gode. Abin da nake ja a kai shi ne wanda ake sa wa suna a kan takarda. Kullum mota ce amarya, mai ƙafa ɗan rakiya. In an tuna da shi, a kan babban titi ne. Ƙananan layukan da ke kai mutum daga tasha zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa asibitin CHU na Treichville, an bar wa ofishin magajin gari, shi kuma ya ce aljihunsa bai kai ba. Shi ke nan, magana ta mutu tsakanin ofis da ofis.

Sai ga maganin da aka kawo mana a 2024. A watan Afrilu, gwamnan gundumar Abijan, Ibrahim Cissé Bacongo, ya haramta talla a manyan tituna, da bara, da tura amalanke. Aka tashi 'yan tebur, aka rushe rumfuna. Na yarda cewa tebur a tsakiyar hanyar ƙafa cuta ne, kuma mu 'yan kasuwa muna da namu kason laifin. Amma korar mai shayi ba ta rufe kwata. Ba ta kafa danja, ba ta rage gudun gbaka. Wurin da aka share ba a gina komai a kai ba, mota ce ke gaje shi. An ɗauke mai neman abinci an ajiye ƙarfe, mai tafiya yana nan a kan kwalta inda aka same shi. Wannan shi ne barin jaki a daki taiki.

Masu cewa a yi gadar sama ta masu ƙafa a huta, su leƙa Accra. Babbar hanyar N1 da kuɗin MCC aka gina ta, aka buɗe a 2012, ta ratsa tsakiyar unguwanni, mahaɗar Lapaz ta zama wurin da ake ɗebe gawa. Sai da birnin, wanda ya shiga shirin kare haɗurra na gidauniyar Bloomberg a 2015, ya koma ya gyara mahaɗar, ya ƙara wa masu tsallakawa lokaci a danja. A hanyar Madina zuwa Adenta kuwa, inda 'yan uwanmu na zango suke da yawa, an bar gadojin ƙafa ba a gama ba shekara da shekaru. Sai a Nuwamban 2018, da mota ta kashe wata ɗaliba, jama'a suka tare hanya suka ƙona tayoyi, sannan aka dawo aka ƙarasa. Shin sai mun jira irin wannan rana a Treichville? Kuma gadar ƙafa ko an gama ta, tsohuwa mai ciwon gwiwa da gurgu mai keke da mai dakon buhun albasa ba duka za su iya hawa ba. Inda jama'a suka yi yawa kamar bakin tasha, tsallakawa a ƙasa cikin aminci ita ce gyara.

Alkaluma ma suna bayanmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mota na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, fiye da ɗaya cikin biyar masu tafiya a ƙasa ne, kuma in aka auna da yawan jama'a Afirka ce kan gaba. Ta ce in gudun mota ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65 a awa, yiwuwar mutuwar wanda aka kaɗe na ninkuwa sau huɗu da rabi. Taron Stockholm na 2020 ya nemi a tsayar da gudu a kilomita 30 duk inda mutane da motoci ke cakuɗuwa. Gwamnatin Kodebuwa ta kawo kyamarorin kama masu laifi a 2021, ta kawo lasisi mai maki a 2023. Madalla. Amma kyamara ba ta gina wa yaro wurin tsayawa.

Don haka ga abin da nake nema, ranku ya daɗe masu garin Treichville da Adjamé. Ku zauna da hukumar AMUGA mai kula da sufurin birni, da AGEROUTE, da OSER mai kula da kare haɗurra, ku rubuta takardar neman tallafi guda ɗaya wadda sunan mai tafiya a ƙasa ne a samanta. A fara da ƙirga: mutum nawa ke tsallaka bakin tasha a awa, a ina ake kaɗe su, da wane lokaci. Mai bayar da kuɗi lissafi yake karantawa. Sannan a nemi abubuwa masu sauƙi: hanyar ƙafa mai faɗi da turaku da za su hana mota hawa, murfin kwata, fitila, danja mai ba tsoho lokacin ƙetarewa, tudun rage gudu, wurin lodin gbaka a gefe, da fili mai lamba ga 'yan tebur. Ƙofofin suna nan: Asusun Kare Haɗurra na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka kafa a 2018, da Bankin Duniya, da hukumar AFD ta Faransa, da Japan da ta riga ta san Treichville.

Kada kuma a tafi hannu rabbana. Tun da Amurka ta rushe USAID a 2025, kyauta ta yi tsada, kuma mai bayarwa ya fi sauraron wanda ya zo da nasa kason. Kason yana nan. Kullum 'yan kasuwa na biyan tikitin magajin gari. Tun 2022 motar da ta tashi daga wannan tasha zuwa Grand-Bassam tana biyan kuɗin shinge, kuma a kuɗin motar fasinja ake fanshewa. A gaya mana nawa ne ke dawowa ƙarƙashin ƙafarsa.

Saura mu. 'Yan uwa Hausawan Abijan, garin nan ya san mu har a bakinsa: abincin garba sunanmu ne, mai kofi kuwa aboki ake ce masa. Mu ne ke yini a bakin titi, 'ya'yanmu ne ke ƙetarewa zuwa makarantar allo da ta boko. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sarakunan Hausawa na unguwanni, da limamai, da shugabannin 'yan kasuwa su haɗa kai da maƙwabtanmu Jula da Ebrié da kowa, a rubuta kowane rami da kowace mahaɗa mai cin rai, a kai ofishin magajin gari, a karɓi shaidar an kai. Bayan wata uku a koma a tambaya: an nemi kuɗin ko ba a nema ba? In an nema, a nuna mana takardar. In ba a nema ba, a daina ce mana babu.

Allah Ya jiƙan waɗanda titi ya ci, Ya tsare na baya.