Shekara biyu jitata tana ƙarƙashin gado

Makon nan labarin wata jita zan ba ku, wadda na kusa rasawa, da abin da na gano game da kaina a kwana saba'in ɗin da ke tsakanin Ƙaramar Sallah da Babba.

Jitar ta Kawuna ce, ƙanin Umma. Ya saye ta tun yana karatu a Jos, da aiki ya kai shi Abuja sai ya bar ta a gidanmu cikin jakarta. A watan Afrilun 2020 aka saka dokar kulle a Kano saboda korona, lokacin ina ɗan shekara 15. Duk wanda ya san Ƙofar Kabuga ya san wuri ne da ba ya barci: ga 'yan Adaidaita Sahu, ga motocin da suka nufi hanyar Gwarzo, ga ɗaliban Jami'ar Bayero, ga masu shayi har tsakar dare. A kwanakin kullen kuwa, in ka hau soron gidanmu har kukan tsuntsaye kana ji daga wajen badala. Zaman banza ya ishe ni, na ciro jitar.

Baba bai yi murna ba, amma bai hana ba. Sharaɗi uku ya gindaya mini: ban da lokacin sallah, ban da bayan ƙarfe goma na dare, kuma ranar da sakamakona ya yi ƙasa, ranar jita za ta koma jaka. Na amince. Ina sauke bidiyon koyarwa a wayar Yaya, in zauna ina kwaikwaya. Jita tana da tsirkiya shida, tawa kuma na ƙarfe ne, saboda haka makonnin farko kan yatsuna na hagu kamar an ɗora musu garwashi. Daga baya suka yi kanta, zafin ya tafi. Kafin shekara ta zagayo ina iya canza kamu, wato abin da masu jita ke kira kod, ba tare da na kalli hannuna ba. Na kan yi awa biyu ban san lokaci ya wuce ba.

Sai aji uku na babbar sakandare ya zo. Wanda yake ciki yanzu ya san abin da nake nufi: darasin safe, darasin yamma, Islamiyya, tsofaffin tambayoyin WAEC da NECO, ga JAMB a gaba. A farkon 2023 na goge jitar, na zuge jakarta, na tura ta ƙarƙashin gado. Na ce mata, a zuciyata, wata shida kawai. Har yau ban ga laifin wannan shawarar ba, domin taura biyu ba ta taunuwa. Na ci jarrabawa, alhamdu lillahi, na samu gurbi a jami'a.

Wata shidan nan ne suka zama shekara biyu. Kullum da dalilina. Lacca tun ƙarfe takwas na safe, cunkoso a hanya, aikin gida da malamai ke bayarwa, ranar Asabar kuma ina shagon Baba a kasuwa. In wani ya tambaye ni sai in ce, "Wallahi babu lokaci." Na faɗa har na yarda da kaina.

Ranar Ƙaramar Sallah da ta wuce Kawu ya zo gaisuwa. Bayan an ci tuwo ya juyo ya ce, "Ɗan gidan Yaya, ɗauko mana jitar nan mu ji inda aka kwana."

Na ce, "Kawu, ai tsirkiya ɗaya ce ta tsinke."

Ƙarya nake yi, ban ma buɗe jakar ba balle in sani. Ya dube ni ya yi shiru, sannan ya ce, "Ba komai. Akwai yaron maƙwabcina da ya dame ni yana son koyo, ba shi da ita. Zan dawo da Babbar Sallah. In ba ka bukatarta sai in tafi masa da ita, kayan kiɗa ba a yi su don ajiya ba."

A daren na jawo jakar. Ƙura ta yi mata lulluɓi. Da na buɗe sai na ga ashe ƙaryata ta zama gaskiya: siririyar tsirkiyar ƙasa ta tsinke, sauran sun yi tsatsa, hunturu biyu kuma sun busar da katakon har ya fara ɗan tsagewa a gefe. Bayan hutun Sallah na hau Adaidaita zuwa Sabon Gari, inda shagunan kayan kiɗa suke, na sayo sabbin tsirkiyoyi da kuɗin barka da Sallah da na tara. Na ɗaura, na saita su da manhajar waya, na zauna a bakin gado da niyyar kaɗa abin da a da nake kaɗawa ido a rufe.

Abin da ya fito bai da daɗin ji. Kantar yatsuna ta gudu, ƙarfe yana cizona kamar ranar farko. Kaina ya san inda kowane yatsa zai sauka, hannun kuwa ya ƙi bin umarni. Minti goma sha biyar na yi na ajiye, raina a ɓace. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Sai na yi kuskuren da yawancinmu muke yi. Na ɗauki biro na tsara jadawali: awa biyu kullum, har in dawo yadda nake. Na yi ranar farko. Rana ta biyu na yi minti arba'in. Rana ta uku aka ba mu gwaji a makaranta, ban taɓa ta ba. Daga nan sai na ce ai jadawalin ya riga ya karye, bari sai Litinin. Litinin biyu suka wuce.

Wani dare ina kwance ina latsa waya, sai na buɗe wurin da take nuna awannin da mutum ya yi a kanta. Awa huɗu da 'yan mintuna a rana, rabinsu a TikTok. Mai awa huɗu na kallon bidiyo ba zai ce ba shi da minti goma ba. A nan na daina yaudarar kaina. Abin da ya hana ni taɓa jitar kunya ce. Ina tsoron in ji da kunnena cewa na koma baya. Muddin tana cikin jaka, ina nan a matsayin yaron nan da ya iya jita. Da zarar na ciro ta, na zama ɗan koyo. Waya kuwa ba ta taɓa nuna maka gazawarka, shi ya sa hannu ya fi saurin zuwa gare ta.

Da na gane haka sai na fara karanta tarihin waɗanda nake saurare, ko zan ga yadda suka yi da nasu uzurin. Ali Farka Touré, shahararren makaɗin jita na ƙasar Mali, mutumin Niafunké ne a bakin Kogin Kwara. Duniya ta san shi, faifansa Talking Timbuktu na 1994 da ya yi da Ba'amurke Ry Cooder ya ci kyautar Grammy, amma ya sha jingine kiɗa ya koma gonarsa. Faifansa na 1999 ma sai da aka kwashi na'urori aka bi shi har garinsu aka naɗa a can. A 2004 ya zama magajin garin Niafunké, kuma duk da wannan nauyi ya sake ɗaukar jita, faifan da ya yi da Toumani Diabaté a 2005 ya sake cin Grammy, kafin rasuwarsa a 2006. Ashe ajiye abu don wani nauyi da ya fi shi ba cin amanarsa ba ne, in dai ka bar ƙofar dawowa a buɗe.

Na kuma so in fake da cewa jitata ta tsufa, ta tsage. Sai na tuna da Mdou Moctar na Jamhuriyar Nijar, wanda ya ƙera jitarsa ta farko da hannunsa, da katako da wayoyin burkin keke. Faifansa na farko a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, waƙoƙinsa suka yi ta yawo daga waya zuwa waya, yau kuma yana kiɗa a Turai da Amurka. Ga namu na gida, marigayi Ɗan Maraya Jos da ya rasu a 2015: kuntiginsa tsirkiya ɗaya ce tak, da ita ya yi suna a duk inda ake jin Hausa. Ni da shida a hannu, me zan ce?

Amma wanda ya dawo da ni da gaske autanmu ne, ɗan shekara goma. Wata rana ina fama a ɗaki ya leƙo ya ce, "Yaya, don Allah koya mini." Na so in kore shi, don ba na son kowa ya ji kurakuraina. Sai na ga shi bai ma san kuskure nake yi ba, idonsa kawai yake zarewa. Na zaunar da shi, na ɗora masa yatsu biyu a kan kamun da ake kira E maina, wanda ya fi kowane sauƙi. Ya ja tsirkiyoyin, sauti ya fito a shaƙe, ya fashe da dariya ya ce, "Na iya!" Rabon da in yi irin wannan dariyar da jita a hannuna tun lokacin kulle. A wancan lokacin ban iya komai ba, kuma ban damu ba. Daɗin abin nake ji. Daga baya ne na mayar da shi wata jarrabawar.

Daga ranar na canza tsari, kuma ga abin da ya yi mini aiki.

Na farko, na buga ƙusa a bango na rataye jitar inda idona zai riƙa ganinta, nesa da taga saboda rana. Kafin ka durƙusa ka jawo jaka ka zuge, kasala ta riga ta ci ka da yaƙi. Wadda ke rataye kuwa miƙa hannu kawai za ka yi.

Na biyu, na yanke awa biyu ta koma minti goma. Na ɗaura ta a jikin abin da ba ya tashi: bayan na dawo daga sallar Isha'i, kafin in taɓa waya. Minti goma ba ta da girman da za ka ji tsoronta, ko ranar da ka gaji liƙis. Sau da yawa in na fara sai in ga na yi rabin awa, amma ban taɓa ɗora wa kaina fiye da goman ba.

Na uku, na daina jiran sha'awa. A da na ɗauka sai ka ji marmari sannan ka ɗauki abu. Yanzu na lura yawanci sai na yi minti uku ko huɗu ina kaɗawa ba da son raina ba, sannan marmarin yake biyowa.

Na huɗu, in rana ɗaya ta kuɓuce ba na cewa komai ya rushe. Washegari nake ci gaba, ba na jiran Litinin. A makon jarrabawa kuma na ajiye ta gaba ɗaya, amma na rubuta ranar dawowa a takarda na manna kusa da ƙusar. Abin da ban yi ba ke nan a 2023.

Bayan kamar mako uku kanta ta fara dawowa. Bayan mako shida hannuna ya fara tuna abin da na ɗauka ya manta. Abin da ya ɗauke ni shekara a karon farko, a wannan karon makonni ya ɗauka. Ku riƙe wannan, ƙannena: wanda ya taɓa koyon abu ba daga farko yake tashi ba, ko da kwanakin farko sun sa ya ji kamar haka ne.

Da Babbar Sallah Kawu ya dawo. Muna tsakar gida ana ta suyar nama, na ɗauko jitar gabana yana faɗuwa. Kafin in kaɗa ya ce, "Dakata. Kawo hannunka na hagu." Ya murza kan yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ya gyaɗa kai. Sannan na kaɗa, na yi tuntuɓe sau biyu.

Ya ce, "Ka koma baya kam."

Na ce, "Haka ne, Kawu."

Ya ce, "Amma wannan kantar ba ta kwana biyu ba ce. Riƙe abarka. Yaron can zan nema masa wata. Sharaɗina ɗaya, ka ci gaba da koya wa Auta."

Na san da yawa daga cikinku ba jita ce taku ba, wasu ma a gida ba za a yarda da kiɗa ba, kuma maganar iyaye ita ce gaba. Amma kusan kowa yana da abin da ya tura ƙarƙashin gado: littafin zane, keken ɗinki, saƙar hula, labarin da aka rubuta babi uku aka tsaya, ko takalmin ƙwallo. In kana aji uku, ko kina shirin WAEC, ku ajiye shi hankali kwance, karatu ne a gaba yanzu, sai dai ku rubuta ranar da za ku dawo masa. In kuwa jarrabawa ta wuce tuntuni kuma har yanzu kuna cewa babu lokaci, ku duba wayarku ta gaya muku gaskiya, sannan ku tambayi kanku ko tsoron komawa ɗan koyo ne ya riƙe ku.

Aikin da na ba ku na wannan makon ƙarami ne. Ku ciro abin, ku kaɗe masa ƙura, ku ajiye shi inda za ku riƙa ganinsa, ku ba shi minti goma kullum har kwana bakwai. Ranar farko ba za ta yi daɗi ba, na gaya muku tun yanzu. Wanda ya gwada ya rubuto mana yadda ta kaya, za mu karanta wasu daga cikin wasiƙun a wannan shafi.

Ni dai har yanzu akwai wani kamu, F, da yake ba ni wahala, Auta kuma ya fara yi mini dariya a kai. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Allah Ya ba da sa'ar karatu.