Aiki Daga Nesa: Kafin A Sayar Da Bijimi A Sayi Kwamfuta

 

Wani ɗan kasuwa ya rubuto mana daga Ɗanzomo, cikin ƙaramar hukumar Sule Tankarkar ta ƙasar Gumel. Ya ce ɗansa ya gama karatu a Kwalejin Ilimi ta Gumel, yau shekara biyu babu aiki. Yanzu yaron ya zo masa da cewa a sayar da bijimi a saya masa kwamfuta, wai zai riƙa yi wa wani kamfani na ƙasar waje aiki yana zaune a ɗakinsa, ana biyansa da dala. Tambayarsa biyu ce: shin akwai irin wannan aiki da gaske, in kuwa akwai, shin halal ne?

Amsa a taƙaice, akwai shi, kuma asalinsa halal ne. Amma ya Alhaji, a bar bijimin a turkensa tukuna, sai an ji sauran magana.

Yi wa mutum aiki ba tare da yana ganinka ba, ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Attajiran Gadamas da suka zauna Kano tun kafin zuwan Turawa suna da wakilai a Tarabulus, wasiƙa ce kawai ke tsakaninsu, ayari ya kai, ayari ya kawo. Yau ma ran Alhamis a kasuwar Maigatari za ka ga dillali ya ɗauki hoton sa da waya ya aika wa mai saye a Legas, a yi ciniki, a turo kuɗi, a loda dabba a mota, mai sayen bai taka Jigawa ba. Abin da ya ƙaru shi ne tun annobar korona ta 2020, sa'ad da aka rufe ofisoshi a duniya, kamfanoni da yawa suka gane cewa akawu da mai fassara da mai amsa wa abokan ciniki tambayoyi ba lalle sai sun zo ofis ba.

A wurin malaman fiƙihu wannan ijara ce, watau sayar da amfanin aikin mutum da lada sananne. Malamanmu na Malikiyya sun shardanta a san ladan, a san aikin, ko dai da lokaci, kamar awa takwas a yini, ko da abin da za a gama, kamar fassarar shafi ashirin, kuma aikin kansa ya zama halal. Ba su shardanta mai aiki ya zama Musulmi ba, ba su kuma shardanta a zauna gari ɗaya ba. Saboda haka wanda zai rubuta wa kamfanin sufuri na Ingila lissafi babu laifi a kansa. Wanda zai yi wa gidan caca talla, ko ya rubuta shaidar ƙarya yana yabon kayan da bai taɓa gani ba, nisan wurin bai wanke masa kuɗin ba.

To, yaya ake samunsa? A nan ne samarinmu suka fi kuskure. Suna ɗaukan "aikin intanet" sana'a ce, alhali intanet hanya ce kurum, kamar titin Gumel zuwa Kano. Titi ba ya ba mutum kuɗi sai in yana da abin da zai kai kasuwa. Tambayar farko da uba zai yi wa ɗansa ita ce: me ka iya wanda wani zai biya ka dominsa? In ya ce ya iya kwamfuta, bai ba da amsa ba. In ya ce ya iya tsara lissafin shige da fice a Excel, ko fassara daga Turanci zuwa Hausa ba tare da ya karya nahawu ba, ko juya magana da aka naɗa zuwa rubutu, ko zana tambarin kamfani, to an fara magana.

Mu a ganinmu, abin da ya fi kusa da yaran ƙasar Gumel shi ne harsunansu. Tun 2013 Google ya sa Hausa cikin na'urarsa ta fassara, kuma kamfanonin da ke koya wa na'ura harshe suna neman masu rubuta Hausa daidai, da ƙugiyoyinta, da masu duba abin da na'urar ta rubuta. Wanda ya yi karatun allo ya iya tajwidi, ya kuma iya ɗan Turanci ko Larabci, akwai iyaye a Ingila da Amurka da ke neman mai biya wa 'ya'yansu karatu ta waya mai hoto, kuma Malikiyya sun halatta karɓar lada a kan karantar da Alƙur'ani. Kada kuma a ɗauka nesa sai ƙetaren teku. Attajirin Dawanau da ke sayen riɗi da zoɓo daga Maigatari da Gagarawa yana bukatar amintacce mai riƙe masa lissafi a wurin saye yana tura masa kullum. Wannan ma aiki ne daga nesa, kuma sau da yawa shi ne ƙofar da ta fi saurin buɗewa, domin akwai wanda zai tsaya wa yaro. Wanda bai iya kome ba tukuna, gwamnatin tarayya ta buɗe shirin 3MTT a 2023 domin koyar da irin waɗannan sana'o'i, sai ya bincika lokacin ɗaukan sababbin ɗalibai.

Bayan iyawa sai shaida. Mai aikin da ke Landan bai san gidanku ba, bai san ko kai jikan wane ne ba. Abin da zai gani shi ne samfurin aikinka. Don haka yaro ya fara tara aiki uku ko huɗu da ya gama da hannunsa, ko da kyauta ya yi wa makarantar Islamiyya ta unguwa ko shagon kawunsa. Sa'an nan ya rubuta takardar tarihin karatunsa da aikinsa, shafi ɗaya, ya buɗe shafi a LinkedIn, inda kamfanoni ke tallar gurabe, ko a Upwork da Fiverr, waɗanda dillalai ne tsakanin mai aiki da ma'aikaci. 'Yan kasuwa su lura, la'adar Fiverr kashi 20 cikin 100 ce, watau a dala biyar ɗaya tasu ce. Kuma ya sa a ransa cewa zai nema sau da yawa ba a ko amsa masa ba, gama yana takara ne da mutanen Indiya da Filifin da Kenya a kan gurbi ɗaya. Wasiƙa guda da aka rubuta domin wannan kamfani, aka nuna an karanta abin da yake nema, ta fi hamsin da aka kwafa aka watsa.

Yanzu sai maganar bijimi. Duk abin da muka lissafa, koyo da tara samfuri da fara nema, ana iya somawa da wayar hannu da kwamfutar aro ko ta shagon buga takardu a Gumel. Shawararmu ga Alhaji ita ce ya ba yaron wata uku. In ya kawo aikin da ya gama, ya nuna ko da naira dubu goma da wani baƙo ya biya shi, to a saya masa, kuma a lissafa har da farantin sola da batir, domin wanda ya dogara ga wutar KEDCO kaɗai a ƙauyukanmu zai sha kunya ran da aka sa masa ganawa. A gwada ƙarfin layin waya a ɗakin da zai zauna, da rana da dare, kafin a yi wa kowa alkawari.

Akwai mayaudara a wannan hanya, da yawa kuwa. Alamarsu ɗaya ce ba ta ɓuya: za su nemi kuɗi a hannunka kafin su ba ka aiki, ko da sunan rajista, ko horo, ko "buɗe asusu". A ijara mai aiki ne ke biya. Wanda ya ce ka zuba dubu hamsin ka riƙa danna hotuna kullum ana ninka maka, ɗan'uwan MMM ne da ta ci kuɗin mutane a 2016, da CBEX da ta rufe da dukiyar jama'a a Afrilun 2025. Haka wanda ya ce a turo kuɗi cikin asusunka na banki ka cire la'ada ka tura wa wani. Kuɗin sata ake wankewa da sunanka, kuma ƙofarka EFCC za ta buga.

Amma yaudarar da ta fi damunmu ita ce wadda yaranmu ke yi da kansu, suna kiranta dabara. Wani ya rubuta shekara biyar ta ƙwarewa alhali jiya ya fara. Wani ya sa manhajar ɓoye wuri domin a ga kamar yana Amurka, saboda an ce gurbin na mazauna can ne. Wani ya yi hayar asusun wani, ko ya sa abokinsa ya zauna masa jarrabawar ɗauka. Duk wannan algus ne, daidai da zuba yashi a buhun riɗi. Mai aiki ya ƙulla yarjejeniya ne a kan siffar da ka faɗa masa, in siffar ƙarya ce yardarsa ba yarda ba ce. Har ila yau in an ɗauke ka ne domin hannunka, ba ka da ikon miƙa wa wani aikin, mutum ne ko na'ura, sai da izinin mai shi. Mun san uzurin da ake kawowa, cewa ana rufe wa 'yan Nijeriya ƙofa. Gaskiya ne ana yi. A Maris na 2024 Remotasks ta rufe wa ma'aikatanta na Nijeriya da Kenya shafi ba zato. To amma kowane asusun ƙarya da aka kama ƙarin sakata ne a ƙofar da ƙannenmu za su zo bugawa gobe.

Ma'aikatan gwamnati kuma, waɗanda muka san da yawansu suna karanta wannan fili, hukuncinku daban ne. Malamai sun raba ma'aikaci biyu. Akwai na tarayya, kamar tela ko marini, wanda ke karɓar aikin kowa, abin da ake binsa shi ne ya gama. Akwai na keɓe, wanda aka sayi lokacinsa. Ma'aikacin sakatariyar Sule Tankarkar ko ta Gagarawa na keɓe ne, sa'o'in ofis ba nasa ba ne, ya riga ya sayar da su. In ya zauna a teburin hukuma yana yi wa wani kamfani aiki, ya sayar da abu ɗaya sau biyu. Ban da wannan, ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata da ke cikin tsarin mulki na 1999 sun hana ma'aikaci na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci ko sana'a ta kansa, in ban da noma. Wanda yake son yin wani abu da dare ko ran Asabar, ya nemi bayani a rubuce daga hukumarsa kafin ya sa hannu a wata takarda.

Saura maganar lokaci, wadda ya kamata a warware tun wurin ganawa. Ƙarfe tara na safe a Niyok ƙarfe biyu ne ko uku na rana a Ɗanzomo, gwargwadon lokacin shekara, tashinsu kuwa ƙarfe goma ko sha ɗaya na dare. Ke nan La'asar da Magariba da Isha'i duk suna cikin sa'o'in aiki. Wanda zai yi wa mutanen Turai aiki kuwa, Juma'a ce za ta faɗo masa a tsakiyar yini. Ya faɗa musu tun farko cewa yana bukatar minti goma sau biyu ko uku, da awa ɗaya da rabi ran Juma'a wadda zai rama, a rubuta cikin yarjejeniya tare da yawan lada da ranar biya da hanyar da kuɗin zai iso. Wanda ya ɓoye wannan don kada a ƙi shi, zai wayi gari yana satar lokacin mai aiki ko yana haɗa salloli ba da uzuri ba.

Mai wasiƙar ya kuma tambayi yadda ake fitar da zakkar kuɗin da ke ajiye da dala. Wannan sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Wassalam.