Mun iya gini, riƙon gida ne ya gagare mu

Iskar farkon damina ta sake yi mana irin tata a Garwa. Washegari sai ga magidanta a lungu suna tsintar kwanon rufinsu daga gidajen maƙwabta, kafin azahar kuma an shiga yawon neman rance. Iska dai aikinta take yi tun zamanin kakanni. Haushina yana kan mamakin da muke yi duk shekara, sai ka ce ba a taɓa damina a garin nan ba.

Akwai wani dattijo da nake gaisarwa, ya yi ritaya bayan shekaru yana aikin auduga. Kuɗin sallamarsa kaf ya zuba a gini: ɗakuna shida, falo mai tayil, ƙofar ƙarfe mai ado. Ranar tarewa aka yanka rago, kowa na cewa, "Alhaji, an huta da haya." Makon nan na tarar da shi zaune a zaure, ya jera bokitai uku a falo suna tarar yoyo. Ya ce mini, "Ɗana, da ina haya, in rufi ya zuba mai gida nake aika wa. Yanzu in na ɗaga kai na ga silin ya jiƙe, sai in waiga, babu kowa a bayana."

Kafintan da ya kira ya hau sama a gabana, ya danna kan ƙusa jikin katakon rufi, sai ta shige ba gardama, gari na zubowa. Gara ta cinye cikin, ta bar ɓawo. Aikin da aka ce na sauya fallen kwano biyu ne ya koma sauke rufin ɗaki uku. Kafin wannan, masai ya cika an kira masu yashewa. Kafin masai, ɗanshi ya ci ƙasan bango har filasta na zubewa. Ga tankin ruwa da dole ya saya don ranakun da famfo ke ƙafewa. Ga zafin Maris da Afrilu, lokacin da ake haura digiri 40, gidan bulo da kwano ba ya kwantuwa sai da fanka a kowane ɗaki, takardar wuta kuwa ba ta san an yi ritaya ba. Ko ɗaya daga cikin waɗannan babu shi a lissafin da magini ya rubuta masa ranar aza tubali. Sannan tunda ya zama mai babban gida, duk ɗan'uwan da ya zo asibiti ko jarrabawa daga ƙauye nan ne masaukinsa, kuma ba a korar baƙo.

Mu tuna zamanin ginin ƙasa. Iyayenmu sun san gida abin kiwo ne. Kafin ruwan farko ake kwaɓa ƙasa, a yi yaɓe, a duba azara, a gyara indararo, yara da manya kowa da aikinsa. Gyara yana cikin lissafin shekara kamar noma. Da siminti ya zo, sai muka ɗauka an yi mai gaba ɗaya, muka watsar da al'adar dubawa, muka riƙe ta taƙama.

Kayan gyaran ma ba sa jiran kowa. Siminti kam ana yin sa a Figil, nan kusa da mu, amma kaya da yawa daga Duwala suke tasowa, jirgin ƙasa ya tsaya da su a Ngaundere, manyan motoci su ƙarasa. Litar dizal da take sefa 575 ta koma 720 a Fabrairun 2023, ta sake hawa 828 a Fabrairun 2024. Tsakanin nan Najeriya ta janye tallafin fetur a Mayun 2023, zuwa-zuwa, wato fetur ɗin fasa-ƙwauri da muka dogara da shi, ya yi tsada. Duk wannan a kan fallen kwano da kwalin ƙusa yake sauka.

Mutanenmu sun fi tsoron harajin gida, alhali shi ne mafi sauƙi: kashi 0.1 cikin ɗari na darajar gidan a shekara, wato jaka goma ga gidan miliyan goma. Abin tsoro shi ne takarda. Tun dokar ƙasa ta 1974, titir fonsiye ita ce cikakkiyar shaidar mallaka, amma gidaje nawa ne a unguwanninmu suke tsaye kan 'yar takardar ciniki da sa hannun mai unguwa? Ranar da magada suka tashi, ko wani ya ɓullo da tasa takardar, kuɗin safiyo da lauya sai ya ninka na rufi.

Masu cika fadama da shara su aza gini kuwa, ba ni da sauran tausayi a bakina. Kun ga abin da Binuwai ta yi a 2012 lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo. Kun gani da idonku, kuka koma kuka sayi fili a hanyar ruwa don yana da araha, kuka toshe magudana da katanga, ruwan ya juya gidan maƙwabci da bai ci ba bai sha ba. Wannan son kai ne, kuma wanda ya sayar da wanda ya sa hannu duk abokan laifi ne.

Na san haya akwai wulaƙanci, ban ce kowa ya dawwama a cikinta ba. Amma mai ƙarfin ɗaki shida ya gina huɗu, ya sa maganin gara tun daga tushe, ya sayi katako mai kyau, ya nemi takardarsa. Bayan tarewa kuma ya riƙa ware ko da sulusin tsohon kuɗin hayarsa duk wata, ya zuba a adashe da sunan gyara, ya kira kafinta a watan Afrilu tun hadari bai haɗo ba. Wanda ya ga wannan ya yi masa nauyi, to bai shirya zama mai gida ba tukuna.