A Shirya Mutane Kafin A Kawo Masu Inji

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in faɗi wani abu da ya daɗe yana ci mani tuwo a ƙwarya.

Ni manomi ne a ƙasar Batsari, ina noma rogo da dankali da gero, da rani kuma ina ɗan kasa tireda a kasuwarmu ta ranar Alhamis. Tun ina yaro nake ganin shirye-shiryen taimakon talaka suna zuwa suna wucewa. An yi DFRRI a 1986, an yi Better Life a 1987, an yi PTF zamanin Janar Abacha, an yi Fadama kashi-kashi. A 2012 aka fara turo mana saƙon taki ta waya, mu je mu karɓi buhu biyu a rabin kuɗi, da gwamnati ta canza sai abin ya bi ruwa. To wai me ya sa abu mai kyau ba ya daɗewa a hannunmu?

Bari in ba da misali da kanmu. Shekarun baya wata hukuma ta ba ƙungiyarmu, mu 25, injin gurzar rogo da abin matsewa da kaskon suya, don mu daina sayar da ɗanyen rogo a wulaƙance, mu riƙa yin garin kwaki. Ranar buɗewa an kafa rumfa, an yi jawabi, an ɗauki hoto, an kafa allo. Kafin la'asar baƙi sun shiga motocinsu. Ba wanda ya zauna da mu a kan wa zai riƙe mabuɗi, nawa za a biya a kan buhu, wa zai gyara in ya lalace. Matan da su ne suka san suya ko taron ba a kira su ba, aka gina murhun ba yadda suka saba ba, suka gwada sau biyu suka koma gida.

Wata uku ana aiki, sai kowa ya fara cewa ai kayan gwamnati ne, ba zai biya ba. Ni kaina, don Allah gara in faɗi gaskiya, sau biyu na gurza rogo ban ba da ko sisi ba. Da bel ya tsinke muka yi karo-karo da ƙyar. Da injin ya buga kuwa, asusu wayam, makanike kuma sai an ɗauko daga Katsina. Shi ke nan. Yau injin yana ɗaki kaji na ƙwai a kansa, allon kuwa yana nan tsaye bakin hanya.

Amma a wani ƙauye ta wajen Safana, inda surukina yake, irin wannan injin aka ba su kuma har yanzu yana aiki. Su kafin su tayar da shi sai da suka yi zama uku, har da mata. Suka ɗora mutum uku a kai, suka sayi littafi. Duk kuɗin da ya shigo a raba shi uku: na mai, ladan mai aiki, da asusun gyara, ko ɗan mai gari ne sai ya biya. Suka tura yara biyu Dutsin-ma koyon gyara. Juma'ar ƙarshen wata, bayan an sauko masallaci, a karanta lissafi kowa ya ji. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 suka sake zama, suka ƙara kuɗin gurza da yardar kowa. Ko lokacin da ɓarayin dajin Rugu suka matsa masu, ɗauke injin suka yi a amalanke zuwa cikin gari suka ci gaba. Ka ga ashe ba injin ne matsalar ba, Malam Edita, shiri ne.

Saboda haka ina kira ga hukumomi da ƙungiyoyin agaji, musamman yanzu da ake ta maganar injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana. Ku fara zuwa ku tambaye mu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kada ku miƙa kaya sai kun ga asusun gyara da yaran da suka koyi gyara. Ku sa masu yin aikin da hannunsu a cikin kwamiti, ba masu manyan riguna kaɗai ba. Sa'an nan ku dawo bayan wata shida, ku sake dawowa bayan shekara, ba tare da mai ɗaukar hoto ba. Su ma sababbin shugabanni su daina kashe aikin kirki don kawai ba su suka fara ba.

Mu kuma 'yan'uwana manoma da 'yan kasuwa mu ji tsoron Allah. Abin da aka ba jama'a amana ce, wanda duk ya mora ya biya. Mu 9 daga cikin tsohuwar ƙungiyarmu mun fara zubi duk ranar kasuwa domin mu tayar da namu injin, kuma ni na fara biyan bashin buhu biyun nan da ake bi na.

Allah Ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka, amin.

Naku mai karatu a kullum,
Manomi ɗan tireda,
Bakin Kasuwa, Batsari,
Jihar Katsina.